Ruwa Ba Ya Tsami Banza

Ya ku 'yan'uwana ɗalibai, da ku yayyenmu da kuka riga mu kama aikin gwamnati a Jega da Aliero da Maiyama, akwai wata magana da ta fara yawo a tsakaninmu wadda ya kamata a fito da ita fili a baje ta a faifai, tun ba ta zama ɗan hakin da ka raina ba. Maganar kuwa ita ce ta jan ruwan inabin nan da ake tsimawa a bokiti. Hotunan bidiyo ne ke bin wayoyinmu, inda za ka ga wani Bature a Amurka ko Kanada ya sayo bokitin roba cike da matsattsen ruwan inabi, ya kai shi ɗakin ƙarƙashin ƙasa, ya barbaɗa masa yis, ya rufe, bayan 'yan watanni kuma ya ɗura a kwalabe yana murmushi. Daga kallo sai sha'awa, daga sha'awa sai gardama a ɗakunan kwana da majalisun shayi, har ka ji wani mai takarda a hannu yana cewa ai da lemon kwali na kanti ma ana iya gwadawa, kuma ai wannan ba giya ba ce, ruwan 'ya'yan itace ne da aka bari ya huce. Da masu wannan magana nake, kuma ba zan rufa musu ba.

Mu fara da sunan, domin a nan aka fara yaudarar. A bakin Bahaushe, ruwan inabi suna ne guda da ya haɗa abu biyu: akwai wanda aka matse yanzu ake ba yaro da mai jego, akwai kuma wanda ya kwana ya tashi ya zama barasa. Masu son zuciya sun fake da wannan, sun canza wa tuwo suna, suna kiran na biyun da sunan na farkon. To, tun da mu 'yan kimiyya ne, bari mu koma ga awo. Bokitin da ake sayarwa a can yakan ɗauki lita 23, kuma a cikinsa akwai sukari wajen kilo 5, wanda inabin ya tara tun yana bisa itace. Shi yis ɗin da ake zubawa wata ƙaramar halitta ce mai rai, wadda abincinta sukari ne. Idan ta ci, sai ta fitar da abu biyu kusan daidai wa daida a nauyi, watau iskar kabon mai sa kumfa, da sinadarin itanol mai sa maye. Cikin mako ɗaya ko biyu sukarin ya ƙare, bokitin ya koma yana ɗauke da itanol kashi 12 zuwa 14 cikin 100, watau kimanin lita 3 na tsantsar barasa, a rabe cikin kwalabe 30. Giyar kwalba da kowa ya yarda giya ce, wajen kashi 5 cikin 100 take ɗauke da shi. Ashe ke nan abin da ake kira ruwan 'ya'yan itace ya ninka ta ƙarfi fiye da sau biyu. Wanda ya ci jarrabawar kimiyyar sinadarai ta sakandare ya san wannan, saboda haka in ya musa, da gangan ya musa.

Malamanmu na zaure ba su jira zuwan madubin likita ba kafin su gane wannan iyaka. Duk wanda ya zauna gaban malami ya karanta Risala ta Ibn Abi Zaid ya san cewa a mazhabar Malikiyya abin da mai yawansa ke bugarwa, kaɗan ɗinsa ma haramun ne, ko da me aka yi shi, kuma haddin mashayi bulala 80 ne. Ya zo a hadisi cewa ana jiƙa wa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, zabibi a ruwa ya sha, amma ba ya wuce kwana uku. A Muwaɗɗa ta Imamu Malik kuma an kawo yadda Sayyidina Umar ya yarje wa mutanen Sham su sha ruwan inabin da aka dafa har kashi biyu cikin uku ya ƙone. Ku dubi hikimar da ke ciki. Kwana uku shi ne kusan lokacin da yis ke bukata kafin aikinsa ya yi ƙarfi, dafuwa kuwa tana kashe shi, sukarin da ya yi kauri kuma ya hana wani sabo kamawa. Abin da Louis Pasteur na Faransa ya bayyana a tsakanin 1857 da 1866, cewa ƙananan halittu ne ke tsima abin sha kuma zafi na hallaka su, mutanen fiƙihu sun riga sun shata masa iyaka a aikace shekaru fiye da 1,000 kafinsa. Saboda haka duk wanda ya ce mana addini da kimiyya sun saɓa a kan bokitin nan, bai karanta ko ɗaya daga cikinsu da kyau ba.

Doka ma ba sabuwa ba ce. Tun yarjejeniyar Birasels ta 1890 Turawa da kansu suka amince a hana shigar da barasa yankunan da ba su saba da ita ba, kuma a kan haka Arewacin Nijeriya ya zama yankin da aka hana sayar wa 'yan ƙasa barasar waje a zamanin mulkin mallaka. Kundin hukunta laifuffuka na Jihar Arewa da ya fara aiki a 1960 ya tanadi horo ga Musulmin da ya sha abin maye ba don magani ba. Jihar Kebbi, wadda aka cire daga Sakkwato a 1991, ta shiga sahun jihohin da suka kaddamar da Shari'a a 2000. Ɗalibin da ya ajiye bokiti a ƙarƙashin gado yana caca ne da shekarun karatunsa da kuɗin da tsohonsa ya sayar da albasa ya biya masa, ƙaramin ma'aikaci kuwa yana caca da albashinsa da mutuncin gidansu. Ban yi wannan magana da 'yan'uwanmu waɗanda ba Musulmi ba, waɗanda ke da burukutunsu da al'adunsu tun kaka da kakanni, kuma ba su taɓa kiran abin shansu da wani suna na ɓoye ba. Da ɗan Musulmin ƙasar Gwandu nake, jikan almajiran Abdullahi ɗan Fodiyo, wanda ke son ya sha kuma a ce bai sha ba.

Hujjarsu ta biyu ita ce wai na gida ya fi tsabta, tun da da hannunka ka haɗa, ka san abin da ke ciki. Wannan magana ce ta wanda bai lura da inda yake zaune ba. Baturen da ke cikin bidiyon yana da ɗaki mai sanyi da ma'aunin sukari da ma'aunin zafi da magungunan tsarkake mazubi, kuma tsimin jan inabi yana son zafin da bai wuce digiri 30 ba. Mu kuwa a watan Maris da Afrilu zafin Jega kan haura digiri 40, ɗakin kwano kuma ya fi waje zafi. A irin wannan yanayi yis kan galabaita ya tsaya a tsakiyar aiki, wasu ƙwayoyin da ba a gayyata ba su karɓi bokitin, abin ya yi fumfuna ko ya koma ruwan tsami. In kuma an yi gaggawar ɗurawa a kwalba an toshe alhali sukarin bai ƙare ba, iskar da ke taruwa tana iya fasa kwalbar a fuskar mai ita. Bokitin kansa fa? Mu da muka san bokitin fenti da jarkar maganin feshi ba sa mutuwa a garuruwanmu, sai dai a ɗauraye su a sake ba su wani aiki, wa zai tsaya mana a kan tsabtar mazubin?

Gaskiya ɗaya zan ba su, domin gardama ba ta halatta ƙarya: tsimin inabi shi kaɗai ba ya tara gubar metanol da har za ta makantar da mutum. Gubar na shigowa ne idan abin ya zama sana'a, mai haɗawa ya ga bai kai ƙarfin da masu saye ke so ba, ya nemi abin ƙarawa mai araha. Ta wannan ƙofa aka yi asarar aƙalla mutum 18 a Ode-Irele ta Jihar Ondo a watan Afrilun 2015, sa'an nan kimanin mutum 70 a Jihar Ribas a watan Yunin shekarar, duk ta hanyar ogogoro mai metanol. A Kano kuma, a 2021, gurɓataccen garin haɗa lemo, wanda ko barasa babu a cikinsa, ya kashe aƙalla mutum 10 ya kwantar da ɗaruruwa a asibiti. Darasin guda ne: duk abin shan da ake haɗawa a ɓoye, ba awo ba mai dubawa, ranar da zai yi ɓarna ba ya sallama. Abin da ake yi a ɓoye kuwa ya fi kowane haɗari, domin wanda cikinsa ya murɗa da tsakar dare zai gwammace ya daure da ya faɗa wa likita abin da ya sha. Gani ga wane ya isa wane tsoron Allah.

Hujja ta uku, wadda 'yan boko suka fi so, ita ce wai jan inabi yana gyara zuciya. Wannan zance ya yi tashe ne daga 1991, lokacin da wani shirin talabijin na Amurka ya yayata cewa Faransawa na cin maiƙo amma ciwon zuciya bai dame su ba, aka jingina abin ga jan inabin da suke sha. Masu sayarwa suka yi ciniki, amma bincike bai tsaya nan ba. Tun 1988 hukumar binciken cutar daji ta duniya ta sa barasa a rukunin farko na abubuwan da aka tabbatar suna haddasa kansa. A watan Janairun 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fito fili ta ce babu wani adadin barasa da za a ce ba shi da illa ga lafiya, rahotonta na 2024 kuma ya nuna barasa ta yi sanadin mutuwar mutum miliyan 2.6 a 2019 kaɗai. In akwai wani amfani a fatar jan inabi, to yana nan a cikin ɗanyen inabin da zabibinsa, sai a saya a tauna. Wanda ya bar ɗan itacen ya bi tsiminsa, ba zuciyarsa yake wa magani ba.

Sai babbar hujjar, wadda ba a cika faɗinta da baki ba amma ita ce ke ƙarƙashin sauran, watau wai wannan shi ne wayewa. To, mu bi asalin abin da ake kwaikwayo. Tsima inabi a gida ya bunƙasa a Amurka ne a shekarun da aka haramta barasa a can, daga 1920 zuwa 1933, lokacin da 'yan kasuwa suka riƙa sayar da daskararren ruwan inabi kamar tubali, da gargaɗi a jiki cewa kada a jiƙa shi a tulu a ajiye kwana 20, don kada ya zama giya. Kowa ya san gargaɗin nan koyarwa ce. Dabarar kauce wa doka ce da wayon 'yan kasuwa, ita ce muke son mu ɗauko mu kira ta ci gaba. A Amurkar nan dai, a 1869, wani likitan haƙori mai suna Thomas Welch ya yi amfani da binciken Pasteur ya dafa ruwan inabi ya toshe shi a kwalba don kada ya tsimu, saboda cocinsu ba ta son barasa, kuma daga nan aka sami kamfanin da har yau ake shan lemonsa. Mutum biyu ne a ƙasa ɗaya da ilmi ɗaya. Me ya sa idonmu ya tsallake wanda ya hana ruwa tsami ya faɗa kan wanda ya tsima shi?

A nan ne abin ya fi ba ni takaici. Rashin sani, kaza ta kwana a kan dami. Aliero gari ne da sunansa ya kai kudancin ƙasar nan da ƙasashen maƙwabta saboda albasa, kamar yadda sunan Galmi ya fita a Jamhuriyar Nijar. Duk wanda ya bi hanyar da ta taso daga Sakkwato ta ratsa Aliero da Jega da Maiyama ta nufi Yawuri a lokacin kaka ya ga buhuna jibge a bakin titi, ya kuma san abin da ke biyo baya: farashi ya faɗi ranar da kowa ya cire, manomi ya zuba a rudu yana jiran tsada, zafi da laima su shiga, ya wayi gari yana tsince ruɓaɓɓu yana zubarwa. Haka tumatir da tattasai na fadamun Gulbin Zamfara suke, abin da bai sami mota ba sai a yanka a shanya a ƙasa, ƙura da akuya su ɗauki rabonsu. Abin da ke ruɓar da albasar nan dangin abin da ke tsima inabin nan ne, ƙananan halittu ne masu son zafi da laima da sukari. An kafa jami'ar kimiyya da fasaha a Aliero a 2006, a tsakiyar gonakin albasa. Ashe ba abin kunya ba ne a ce ɗan wannan ƙasa ya san zafin da yis ke so a bokitin Kalifoniya, amma bai san zafi da iskar da albasar ubansa ke bukata a rudu ba?

Ilmin tsimi ma ba baƙo ba ne a gidajenmu da har sai Bature ya koya mana. Tsohuwar da ke dafa kalwa ta rufe ta kwana biyu ko uku ta fito da daddawa, da ƙananan halittu take aiki. Bafillatanar da ke zuba ɗan tsohon nono a sabuwar madara ta kwana ta zama kindirmo, ta san abin da masana ke kira iri. Mai waina da mai koko da mai gidan burodi duk haka. Waɗannan mata sun riƙe ilmin nan shekaru aru-aru, sun ciyar da gari da shi ba su bugar da kowa ba. Mu da aka kashe wa kuɗi aka kai makaranta, abin da ake jira daga gare mu shi ne mu ɗora a kan nasu: mu auna, mu tsabtace, mu sa abin ya daɗe bai lalace ba. Ga zoɓo da kunun zaƙi da kunun aya da ƙannenmu mata ke sayarwa a robobi, waɗanda rashin wutar lantarki ke sa su kumbura su yi tsami kafin la'asar, jari ya narke. Ɗalibin da ya koya wa unguwarsu dabarar Pasteur ta dafawa da toshewa a tsarkakakkiyar kwalba ya yi wa garinsu abin da kwalabe 30 na jan inabi ba za su yi ba.

Kada kuma wasu su ɗauki wannan rubutu su mai da shi sanda. Akwai masu cewa tun da haka ne a daina koyar da tsimi a ɗakin gwaje-gwaje, a ƙyamaci inabi da mai nomansa. Su ma ban bi su ba. Inabi ɗan itace ne mai albarka, manoman Kudan da Hunkuyi kusa da Zariya suna nomansa suna sayar da shi ɗanye, kuma halaliyarsu suke ci. Itanol ɗin nan shi ne a cikin ruwan wanke hannun da muka yi ta nema a lokacin annobar korona a 2020, shi likita ke goge fata da shi kafin allura. Ƙasar Birazil ta fara babban shirin zuba shi a tankin mota tun 1975, daga rake take samunsa, kuma a 2017 gwamnatin Kebbi ta sa hannu da kamfanin mai na ƙasa, NNPC, a kan yarjejeniyar samar da shi daga rogo da rake. In 'ya'yan jihar ba su iya wannan ilmi ba, ranar da irin wannan masana'anta ta tashi sai a ɗauko masana daga wani wuri, mu kuma a ba mu gadi. Wuƙa ɗaya ce a hannun mahauci da hannun ɗan ta'adda, ba a kuwa rufe maƙera saboda haka.

Haka nan ba zan yarda da munafuncin da ke kama yaro da bokiti ya bar babba da kwali ba. Kowa ya san barasa ba ita kaɗai ke cin matasanmu ba. Sai da gidan rediyon BBC ya tona yadda ake kwankwaɗar maganin tari mai kodin kafin gwamnatin tarayya ta hana yinsa da shigo da shi a watan Mayun 2018, alhali kuwa iyaye a Arewa sun daɗe suna kuka. Wanda ya sha kodin ya ce magani ne, wanda ya haɗiyi taramol ya ce ƙarfin aiki yake nema, wanda ya tsima inabi ya ce lemo ne. Cutar guda ce, watau neman maye da sunan da ba zai sa a ji kunya ba. In za a yi gyara, a yi shi daga sama har ƙasa, kuma a fara da nasiha da jawo hannu kafin tonon silili.

Saboda haka ina kira ga shugabannin ƙungiyar ɗalibai da su shirya zama a bainar jama'a, a gayyato malamin fiƙihu da malamin kimiyyar ƙananan halittu da likita su zauna a teburi ɗaya, kowa ya kawo tambayarsa ba tare da tsoro ba, domin abin da aka hana tambaya a fili shi ake gwadawa a ɓoye. Ina kira ga 'yan ajin ƙarshe da su zaɓi aikin bincikensu daga abin da ke ruɓewa a kasuwar Aliero da Jega, su gwada rudu mai shan iska, da akwatin busar da tumatir da hasken rana, da hanyar adana zoɓo ba firji, sa'an nan su fassara sakamakon da Hausa su kai wa manoma, maimakon a ɗaure shi da baƙin bango a jibge a kabad. Ku kuma yayyenmu ma'aikata, musamman na sashen gona da na lafiya a ƙananan hukumomin nan uku, ku buɗe mana ƙofa idan mun zo da tambaya, ku kuma tuna ƙannenku na kallon abin da ke cikin firjinku fiye da yadda suke sauraron abin da ke bakinku.

Wanda kuma ya riga ya ajiye bokiti, shawarata gare shi ita ce ya tuntsurar da shi a kwata tun yau, ya wanke shi da sabulu, ya mai da shi na alwala. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Allah ya ba mu ilmi mai amfani, ya tsare mu da wanda zai zame mana hujja a kanmu. Haza wasalam.